Amsa ga mai neman fara tara fastocin fina-finan Faransa da aka taɓa haramtawa

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara tara tsofaffin fastoci da hotunan fina-finan Faransa waɗanda suka tayar da ƙura, kuma wani ya yi maka tallan fastar Le Petit Soldat yana cewa ta asali ce ta 1960. Ka tambaya ko ka saya. Shawarata ka dakata tukuna.

Na daɗe a wannan harka, kuma abin da na fi amfana da shi shi ne sanin tarihin haramcin fim kafin in kalli takardarsa. Gaskiya ne darakta Jean-Luc Godard ya ɗauki Le Petit Soldat a 1960, amma gwamnati ta hana nuna shi saboda ya taɓo yaƙin Aljeriya da azabtar da mutane. Sai a Janairun 1963 ya shiga gidajen silima, bayan an gama yaƙin. To fastar da aka manna a ƙofar silima ta 1963 ce. Mai cewa 1960, ko dai shekarar ɗaukar fim yake nufi, ko bai san hajarsa ba, ko kuma ya sani yana so ya ƙara kuɗi. Ka tambaye shi wanne ne.

Haka abin yake a kusan duk irin waɗannan fina-finai. Zéro de conduite na Jean Vigo an hana shi a 1933, bai samu izini ba sai 1945. L'Âge d'or na darakta Luis Buñuel, wanda 'yan ra'ayin riƙau suka farfasa silimar Studio 28 a kansa a Disambar 1930, ya yi shekara hamsin a kulle, sai 1981 aka sake shi. Fim ɗin darakta Jacques Rivette a kan wata 'yar zaman zuhudu an hana shi a 1966, da ya fito a 1967 kuma da dogon suna ya fito, Suzanne Simonin, la Religieuse de Diderot. Ka ga ko sunan da ke jikin takarda kaɗai zai iya gaya maka lokacinta.

Sai ita kanta takardar. Babbar fastar Faransa santimita 120 ce a 160, akwai matsakaiciya 60 a 80, da ƙarama wajen 40 a 60. A ninke ake aika su gidajen silima, don haka tsohuwar fasta mai santsi wadda ba alamar ninki a jikinta abin tuhuma ce. Ka duba gefen ƙasa, nan ake sa sunan maɗaba'a da ƙananan haruffa, irin su Saint-Martin ko Lalande, sau da yawa har da lambar izinin hukumar tace fina-finai. Lambar kaɗai ba ta isa ta nuna ko fastar ta fitowar farko ce ba, shi ya sa nake haɗawa da tambarin kamfanin da ya rarraba shi. Idan ƙananan haruffan nan sun yi dishi-dishi, hoton fasta aka ɗauka aka sake bugawa. Fitilar duba kuɗin jabu ma tana taimakawa: takardar zamani tana yin haske shuɗi a ƙarƙashinta, wadda aka yi kafin shekarun 1950 kuwa yawanci ba ta yi.

Ni dai a ganina, mai farawa ya fara da hotunan da ake jerawa a zauren silima. Sun fi sauƙin kuɗi, sun fi sauƙin ajiya. Bayan hoton ne shaidarsa: hatimin mai ɗauka ko na kamfani, wani lokaci da ramukan ƙusa a kusurwa, alamar an taɓa kafe shi. Hotunan mai ɗaukar hoto Raymond Cauchetier na lokacin ɗaukar fim ɗin Godard À bout de souffle suna yawo a kasuwa da sa hannunsa, amma da yawansu daga baya aka wanke su. Suna da daraja, sai dai ba kuɗinsu ɗaya da wankin farko ba.

Fim ɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Afrique 50. René Vautier ya nuna ta'asar mulkin mallaka a Afirka ta Yamma cikin minti 17, aka ɗaure shi, fim ɗin ya fi shekara arba'in a haramce. Fim ɗin da ake nunawa a ɓoye, kada ka sa ran samun babbar fastarsa ta ƙofar silima daga wancan zamani. Duk wanda ya nuna maka irinta, ka nemi hujja mai ƙarfi.

Idan ka sayi fasta, don Allah kada ka yi mata laminatin, kada ka kusantar da salatif gare ta, domin yana barin tabon da ba ya fita. Ka ajiye ta a shimfiɗe, nesa da rana da laima da gara. Idan ninkin ya fara yagewa, akwai masu manna fasta a kan yadi da gam mai fita da ruwa. Sai dai wadda aka riga aka manna bayanta ya rufe, don haka ka nemi hoton yadda take kafin a manna ta.