Ɗana Ya Ɓalle Asusunsa Tun Bai Cika Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Muna zaune a Jidda, kuma ina da ɗa mai shekara takwas. A ƙaramar sallar da ta wuce ya samu barka da sallah, wadda ake kira idiyya a nan, har riyal 120, amma kafin mako ya zagayo ta ƙare a bakala, wato ƙaramin shagon unguwa, wajen alewa da lemo. Na saya masa asusun gwangwani mai makulli, bayan kwana goma ya sa wuƙa ya ɓalle shi. Gaskiya ni ma nakan ara daga ciki idan na rasa canji. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da maganar aron zan fara, domin a ganina nan gizo yake saƙar. Yaron da ya ga ana buɗe asusunsa ba da izininsa ba, zai fahimci cewa kuɗin da ya kashe ne kaɗai nasa, wanda ya ajiye kuwa na mai makulli ne. Ki biya shi abin da kika ara a gabansa, ki ƙirga masa a tafin hannu, sannan ki daina.

Iyayenmu sun san abin da suke yi da suka riƙa ba mu asusun ƙasa, wanda ba shi da murfi balle makulli, sai 'yar tsaga a sama, kuma babu mai ganin abin da ke ciki sai ranar fasawa. Irinsa za ki nema, ko na gwangwani ne, wanda a shago za ki ji ana ce masa hassala. Siffar alade da ake gani a na Turawa ado ne kawai, ba ta ƙara komai.

Sai dai asusu ba ya cika idan yaro bai san abin da yake tarawa dominsa ba. Ki bar shi ya zaɓi abin da ransa yake so, ku je shago tare ya ga farashin da idonsa. A ce ƙwallo ce ta riyal 40. Idan yana jefa riyal ɗaya daga kuɗin makaranta kowace rana, Lahadi zuwa Alhamis, mako takwas ya ishe shi, kuma wannan tazara ce da ɗan shekara takwas zai iya jurewa. Kada ki ce masa sai wata sallar, shekara ta yi masa nisa.

Tun ƙarshen 2016 aka fito da sababbin sulallan riyal ɗaya da riyal biyu, kuma su suka fi dacewa, saboda yaro yana jin ƙararsu da nauyinsu. Matsalar ita ce yanzu kusan komai da katin banki na mada ko waya ake biya, har yara suna zaton kuɗi ba ya ƙarewa, don haka ki riƙa yin wani cefanen da tsabar kuɗi, ki miƙa masa canjin. Kada ki damu da faɗuwar daraja irin ta naira, domin tun 1986 riyal yake tsaye a kan 3.75 a dala ɗaya.

Idan idiyya ta sake zuwa, ki bar masa wani kaso ya kashe yadda ya ga dama, ya cire sadaka da hannunsa, sauran ya shiga asusu. Ranar fasawa kuwa ki gayyato mahaifinsa, amma yaron ne zai ƙirga, shi ne kuma zai miƙa wa mai shago.