Tambaya da Amsa: "Ai an taɓa yi," in ji Baba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da damuwa game da mahaifina, kuma ba na son abin ya kai mu ga ɓacin rai. Tun da ƙanena ya saya masa babbar waya, kusan kullum da asuba sai mun tashi da saƙon murya a zauren WhatsApp na gidanmu. Yau a ce rigakafi dabara ce ta rage yawan jama'a, gobe a ce cuta kaza a ɗakin bincike aka haɗa ta. Yanzu ya kafe kada in kai ɗana mai wata tara allurar ƙyanda. Da na yi magana sai ya ce ni yarinya ce, ban san duniya ba, ai an taɓa yin gwaji da mutane a asirce. Na bincika, na tarar kuwa an taɓa yi. To ta yaya zan bambance maƙarƙashiyar gaske da ƙanzon kurege? Kuma yaya zan yi da Baba ba tare da na yi masa rashin kunya ba?

*Wata uwa mai ɗa ɗaya*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Fara da ba Baba gaskiyarsa, domin yana da ita. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta tara baƙar fata 600 a Tuskegee, jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, ta zuba musu ido don ta ga yadda cutar ke cin jikin mutum. Maganin fenisilin ya wadatu tun cikin shekarun 1940, amma aka hana su. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta shirya rigakafin bogi na ciwon hanta a garin Abbottabad na Pakistan, don neman tabbatar da inda Usama bin Laden yake. Bayan asirin ya tonu, zargi ya hau kan masu allurar gaskiya, aka riƙa harbe ma'aikatan rigakafin shan inna a ƙasar. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Saboda haka kada ki ce wa Baba ba a ƙulla maƙarƙashiya a duniya. Ana ƙullawa, kuma in kika musa zai daina saurarenki tun daga nan.

Amma ki duba yadda waɗannan asirai suka tonu. Na Tuskegee, wani tsohon ma'aikacin hukumar mai suna Peter Buxtun ne ya fitar da takardu, 'yar jarida Jean Heller ta kamfanin dillancin labarai na AP ta buga a Yulin 1972. Majalisa ta zauna, aka je kotu, aka biya diyya, a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a bainar jama'a. Akwai suna, akwai wuri, akwai shekara, akwai takardar da wani zai iya ɗauka ya duba. Shekarun da na yi a teburin tace labarai sun koya mini cewa maƙarƙashiyar gaske tana barin sawu, kuma ƙara bincike ƙara bayyana ta yake yi. Ta bogi kuwa, kina matsowa tana ja da baya. In kika ce ina hujja, a ce an ɓoye. In likita ya musa, a ce an saye shi. In babu wanda ya mutu, a ce sai nan da shekara goma. Zancen da aka gina shi yadda babu abin da zai iya ƙaryata shi, to babu kuma abin da zai iya gaskata shi.

Ga wani labari da nake so ki ba Baba, don na san irinsa zai ja hankalinsa. A Yulin 1983 wata ƙaramar jarida mai suna Patriot a birnin Delhi na Indiya ta buga wasiƙar wani da bai sa sunansa ba, wai shi babban masanin kimiyya ne Ba'amurke. Wasiƙar ta ce sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro cutar ƙanjamau a ɗakin bincikensu na Fort Detrick. A 1985 wata jaridar Mosko ta ɗauko zancen, tana cewa ga abin da jaridar Indiya ta ruwaito. Daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kowace jarida na jingina shi ga wadda ta gabace ta. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, a 1992, shugaban leƙen asirin ƙetare na Rasha, Yevgeny Primakov, ya amsa cewa KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, ita ce ta kitsa labarin. Kin ga ke nan, akwai maƙarƙashiya a ciki, sai dai ba wadda ake zato ba: jita-jitar ita kanta ce tuggun. Duk wanda ya yi ta yaɗa ta yana taƙamar idonsa a buɗe yake, aikin leƙen asirin wata ƙasa ya yi, kyauta, ba tare da ya sani ba. Har yau zancen yana yawo, shekara 40 da ɗoriya.

Tsoron allurar ƙyanda ma yana da mafari sananne. A Fabrairun 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike a mujallar likitanci ta The Lancet, a kan yara 12 kacal, yana alaƙanta allurar da otizim, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Ɗan jarida Brian Deer ya bi diddigi, ya gano cewa wani lauya mai shirin kai kamfanonin magani ƙara ne ke biyan likitan, kuɗin da suka haura fam 400,000, kuma an murɗe bayanan yaran. A 2010 mujallar ta janye binciken, aka soke lasisin likitan. A 2019 masu bincike a Denmark suka fitar da sakamakon bibiyar yara sama da 650,000, ba su ga wata alaƙa ba. Yara 12 a gefe guda, 650,000 a ɗaya gefen, amma tsoron da 12 ɗin suka haifar shi ya fi tafiya.

Abin da tsoron ke jawowa, mutanen Samoa sun gani. Ƙasa ce ta tsibirai mai mutum wajen 200,000. A 2018 jarirai biyu suka rasu bayan allura, saboda ma'aikatan jinya sun yi kuskuren haɗa ta da wani magani maimakon ruwa. An gano, an hukunta su. Amma masu adawa da rigakafi suka samu abin yi, iyaye suka tsorata, yawan yaran da ake yi wa allura ya faɗi zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Ƙarshen 2019 ƙyanda ta shigo. Mutum sama da 5,700 suka kamu, 83 suka mutu, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Batun rage yawan jama'a kuwa, lissafi kaɗai ya ishe shi. A 1960 mutanen duniya biliyan 3 ne. A Nuwamban 2022 suka cika biliyan 8, kuma a tsakanin nan ne aka yi rigakafin da ba a taɓa yin irinsa ba a tarihi. In tuggun rage mutane ne, ba a taɓa ganin tuggun da ya ci tura irinsa ba. Ibn Khaldun tun ƙarni na 14 ya ja kunnen marubuta tarihi kan haka: kada a tsaya ga wanda ya kawo labari kawai, a auna labarin da yadda al'amura suke gudana a zahiri. Kuma abin da ya fara ambata cikin dalilan da ke sa ƙarya ta shige wa mutum shi ne son ra'ayi, wato labarin ya zo daidai da abin da zuciya ta riga ta karkata gare shi.

Yanzu Baba. Kada ki gyara masa a cikin zaure, gaban 'ya'ya da surukai. Dattijon da aka kunyata a gaban iyalinsa ba hujja yake karewa ba kuma, girmansa yake karewa, kuma ba za ki ci nasara a wannan ba. Ki same shi shi kaɗai, ki je da tambaya maimakon jawabi. "Baba, wannan mai maganar wane ne? A wane asibiti ya ce yana aiki? Wa ya turo maka, shi kuma wa ya tura masa?" Mutanen da suka san darajar isnadi ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Saƙon da ya fara da "wani babban likita ya ce", babu suna babu gari, ruwaya ce marar dangane.

Sannan ki roƙe shi ya nuna miki dantsensa. In ya manyanta, da wuya ki rasa tabon lamba. Ki tambaye shi yaushe rabonsa da ganin mai agana. A 1980 aka sanar da kawar da ita daga doron ƙasa, kuma da wannan lambar aka yi. Ki tambaye shi yara nawa ya san ƙyanda ta kashe ko ta makantar lokacin yana ƙarami. Ki bar shi ya ba ki labarin da bakinsa, zai fi jin kansa a kan ya ji ki. Ban yi miki alkawarin zai sauko a zama ɗaya ba. Amma allurar yaron ba za ta jira saukowarsa ba. Wannan shawara ce taki da maigidanki da ma'aikacin lafiyar da ke duba shi. Ku kai shi a kan lokaci, girmama Baba kuma yana nan daram.

Tambaya: Malam, ni fa ban taɓa ƙirƙirar labari ba. In an turo mini nakan tura gaba ne kawai, har ina rubuta "yadda aka turo mini". In ƙarya ce, ai laifin mai ƙirƙira ne. Ko ba haka ba?

*Wani ɗalibi*

Amsa: Ba haka ba ne, ɗana. A 2018 wani bidiyo ya karaɗe wayoyi a Indiya, yana nuna mutum biyu a kan babur sun sure yaro a titi. Asalinsa tallan wayar da kai ne da aka ɗauka a Karachi ta Pakistan, kuma a ƙarshensa ana dawo da yaron tare da saƙon a kula da yara. Wani ya yanke ƙarshen. Sauran aikin masu "yadda aka turo mini" ne suka yi shi. Ranar 1 ga Yuli, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra, jama'a suka yi wa wasu baƙi biyar dukan mutuwa bisa zargin satar yara, kuma ba su kaɗai aka kashe ba a wannan shekarar. Dalilin da ya sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda ke nan, a Indiya da farko, sannan a duk duniya a 2019.

Mai ƙirƙira mutum ɗaya ne, kuma ba shi da ƙafar da zai kai ƙaryarsa ko'ina sai taka. Ƙari a kan haka, ƙanwarka ba ta san shi ba, kai ta sani. Sunanka ne a saman saƙon, da amincinka aka sayar mata da shi. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nazarci labarai wajen 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Sun tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu tura shi da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya kan ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Da suka cire asusun na'ura, wato masu tura saƙo da kansu ba mutum a baya, daga lissafin, sakamakon bai sauya ba. Mutane ne, irina da irinka. Hadisin da Muslim ya kawo ya riga ya rufe maka wannan ƙofar: ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Ba daga sama nake maka magana ba. Na taɓa tura hoton wata gobara da aka ce ta faru a daren, ina cewa a yi addu'a. Wata tsohuwar ɗalibata ta sa hoton a Google Lens, manhajar gano asalin hoto, cikin minti ɗaya ta nuna mini shekarunsa da yawa, kuma daga wata ƙasa daban. Kafin in goge, wata baiwar Allah ta riga ta kwana tana neman ɗanta a waya. Tun ranar, saƙon da ya sa gabana faɗuwa ko raina ya ɓaci, musamman mai cewa "tura kafin a goge", shi nake fi ajiyewa sai na duba kwanan watansa da asalinsa. In kuma ka riga ka tura sannan ka gano ƙarya ce, gogewa a ɓoye ba ta wadatar ba. Ka koma duk inda ka kai shi ka ce ka yi kuskure.

Tambaya: Duk ku 'yan jarida an saye ku. Nawa aka ba ka ka riƙa kare Turawa?

*Ba suna*

Amsa: Malam, a wannan shafin kaɗai na tona asirin hukumar lafiyar Amurka da CIA da wani likitan Ingila, in sayena aka yi to an yi asarar kuɗi. Duk da haka tambayarka halal ce, akwai 'yan jaridar da ake saye, kuma ba sai ka yarda da ni ba. Na ba ka sunaye da shekaru, je ka duba kowanne. In ka sami inda na yi kuskure, aiko da hujjarka, zan buga ta a wannan fili a fitowa ta gaba tare da gyara. Ka sa sunanka a ƙasa wannan karon.