Modem na aiki a Windows, amma Ubuntu na cikin VirtualBox ya ƙi ganin intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof mai Windows, da modem na USB mai sim nake shiga intanet. Na sa VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin kwamfuta, na girka Ubuntu a ciki don koyon Linux. Lokacin da nake kan Wi-Fi komai lafiya lau. Tun da na koma modem, Ubuntu ba ya buɗe ko shafi ɗaya. Na bi wata shawara na ƙara modem ɗin a sashen USB na VirtualBox, yanzu kuma da na kunna Ubuntu sai intanet ɗin laftof ɗin gaba ɗaya ya ɗauke. Ko modem ɗin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Modem ɗinka lafiyarsa ƙalau. Matsala biyu gare ka, ta biyun kuwa maganin da ka sha ne ya jawo ta.

Mu fara da ita, don ta fi sauƙi. Na'urar USB ba ta yi wa iyayen gida biyu aiki a lokaci ɗaya. Windows ɗinka shi ne mai masauki, Ubuntu baƙo ne. Da ka sa modem a jerin USB na VirtualBox, umarni ka bayar cewa duk sa'ar da baƙo ya farka a ƙwace modem daga hannun mai masauki a miƙa masa. Watakila ma ka lura da ƙarar nan da Windows ke yi idan an zare wani abu, alhali hannunka bai taɓa komai ba. To ƙwacen ke nan. Kashe Ubuntu, shiga Settings na VirtualBox, sashen USB, goge sunan modem daga jerin, zare shi ka mayar. Intanet ɗin laftof zai dawo.

Sai ta asali. Ina kyautata zaton katin sadarwar Ubuntu ɗinka yana kan Bridged Adapter, wato tsarin gada. A wannan tsari baƙo yakan fito fili da kansa, ya nemi adireshin IP nasa kamar wata kwamfuta daban da aka jona. A kan Wi-Fi akwai rauta mai raba adireshi ga duk wanda ya nema, shi ya sa ka ga yana tafiya. Layin waya ba haka yake ba. Kamfanin sadarwa adireshi ɗaya yake ba haɗin sim ɗinka, kuma Windows ya riga ya karɓe shi. Ubuntu zai yi ta sallama, babu mai amsawa. Ƙari a kan haka, yawancin irin waɗannan modem ba sa bayyana a matsayin katin Ethernet, wato katin sadarwa irin na kebul, gadar kuwa irin wannan kati take buƙata. Akwai modem masu ƙaramin rauta a cikinsu, irin na Huawei da ake buɗe shafinsu a 192.168.8.1, su kan yarda da gada a wasu lokuta, amma ba zan sa ka dogara da wannan ba.

Ka koma Settings, sashen Network, ka mayar da Adapter 1 zuwa NAT. Shi ne ma zaɓin da VirtualBox ke zuwa da shi tun farko. A nan baƙo yana ɓoye a bayan mai masauki: duk abin da ya nema, VirtualBox ne ke fita ya nemo masa kamar kowace manhaja ta Windows, kamfanin sadarwa kuma na'ura ɗaya yake gani. Ko modem, ko hotspot na waya, ko Wi-Fi, duk ɗaya ne a wurinsa. 

Kunna Ubuntu, buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, rubuta ip a. Idan ka ga 10.0.2.15, NAT ya kama. Sai ka gwada ko ana amsawa daga waje: rubuta ping 8.8.8.8, bayansa ping google.com. In na farko ya amsa na biyu ya ƙi, hanya a buɗe take, DNS ne ya maƙale, wato mai fassara sunan shafi zuwa lamba. Wannan yakan faru idan ka sauya daga Wi-Fi zuwa modem Ubuntu na kunne, ya ci gaba da riƙe tsohon bayani. Kashe shi gaba ɗaya ka kunna bayan modem ya haɗu. In ya dage, sa masa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 da hannu a saitin DNS.

Akwai wata alama mai ban haushi: ping na tafiya, wasu shafuka na buɗewa, wasu kuma su tsaya suna juyawa. Nan sai a zargi MTU, girman ƙunshin bayanan da ake turawa. Ubuntu yana ɗaukar 1500, wasu layukan waya kuma ba sa wuce da mai wannan girman. Rage shi zuwa 1400 a saitin katin ka gwada.

Na san abin da ke kai mutane ga gada: suna son shiga Ubuntu daga Windows, misali da SSH, hanyar ba wata kwamfuta umarni daga nesa. Ba sai da ita ba. A ƙarƙashin NAT akwai Port Forwarding, ka haɗa ƙofa (port) mai lamba 2222 ta mai masauki da ƙofa 22 ta baƙo, wadda SSH ke bi. Ko ka kunna Adapter 2 a kan Host-only, su riƙa magana a 192.168.56, intanet kuma ya ci gaba da bi ta NAT.

Hattara da data. Ubuntu ganin kebul yake an jona masa, bai san sim yake ci ba, ko da ka gaya wa Windows cewa layin na awo ne. Zai iya hau sauke sabuntawa a ɓoye. Shiga saitin Wired na Ubuntu, ka sa alama a Metered connection kafin ka bar shi a kunne.