Akori-kura ta wa ce: saurayi, magidanci ko dattijo?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan mota ɗaya suka taru, wato akori-kura matsakaiciya irin su Hilux, Ranger, Navara, L200 da D-Max. Masu tambayar farashi ku yi haƙuri. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, farashin da na rubuta ranar Litinin kafin Juma'a ya zama tsohon labari.

*Shekarata 25, na gama bautar ƙasa, Baba ya ce in zaɓi mota. Ni Hilux nake so, amma abokaina sun ce motar 'yan kwangila ce da dattawa. Ta dace da matashi? Daga wani matashi a Zariya.*

Ɗana, dokar tuƙi shekara 18 kawai ta sani, kuma ka wuce nan. Abin da ba ka gaya min ba shi ne me za ka ɗauka a bayanta. A wasiƙarka ban ga gona ba, ban ga shago ba, ban ga bulo ko siminti ba.

Abokanka ba su yi ƙarya ba. Tsaya bakin titi ka duba wa ke riƙe da ita: ma'aikatun gwamnati, jami'an tsaro, ƙungiyoyin agaji, kamfanonin gini da na sadarwa, 'yan siyasa idan kamfe ya zo, sai manyan manoma. Matashin da ka hango a sitiyari sau da yawa direba ne, ba mai ita ba. Samari sun fi kowa sonta da ido, amma masu ciro kuɗi daga aljihunsu su saya yawanci magidanta ne da suka haura 35, waɗanda kaya suka yi wa yawa.

Tankin Hilux lita 80 ne. Je gidan mai ka karanta farashin yau ka ninka. Mai injin fetur na lita 2.7, wadda ta fi yawa a ƙasar nan, da ƙyar take ba ka kilomita 8 a lita ɗaya cikin cunkoson gari. Baba zai saya, amma shi zai riƙa zuba mata mai? Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, wannan ita ce tambayar farko ga duk mai son babbar mota. Idan kiwon kaji ko noma za ka fara, dawo mu yi magana. Idan zuwa majalisa ne da ɗaurin aure, karɓi Corolla ka yi wa Baba godiya.

*Maigidana shekararsa 44, yana noman shinkafa a wajen Kura, muna zaune a cikin Kano. Yana so ya sayar da Sienna ɗinmu ya sayi Hilux mai ƙofa huɗu. 'Ya'yanmu biyar. Hankalina bai kwanta ba, amma ba na so ya ga kamar ina hana shi ci gaba.*

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ki yi laifin komai ba. Kin dai yi lissafin da shi bai yi ba tukuna.

Ta wani ɓangaren yana da gaskiya. Mutum irinsa ne aka ƙera wa motar nan: mai gona, mai bin hanyar da ke zama taɓo da damina, mai kai taki da injin ban-ruwa da ma'aikata. Motar gida da ake tilasta mata wannan aiki ba ta daɗewa, ƙafafunta ne ke fara tafiya.

Amma ku bakwai ne, kujerun Hilux biyar. Ina za a sa biyu? Na san amsar da ake bayarwa, wai yara manya su hau baya. Kada ki yarda da wannan ko da daga gida zuwa Islamiyya ne. A baya babu bel, babu rufi, babu abin da zai tare yaro idan aka taka burki da ƙarfi. Kujerar baya ta ciki ma a miƙe take, kuma sifirin ɗin motar irin na ɗaukar kaya ne, idan bayan babu komai tsalle take yi a kan kowane rami. Ki tambayi duk wanda ya zauna a nan daga Kano zuwa Kaduna.

Sannan kayan da take ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da nauyin mutanen da ke ciki. Buhu takwas zuwa tara na masu kilo 100 ke nan. Da kaka, mai shinkafar kirki dole ya ɗauki hayar Kanta ko da yana da Hilux a ƙofar gida.

Ga abin da za ki kai masa, cikin lalama, bayan ya ci abinci: ya rubuta sau nawa a wata yake buƙatar bayan mota, da abin da yake biyan 'yar ƙurƙura ko Kanta a shekara. Idan kuɗin hayar bai kai bambancin mai da gyara ba, a bar Sienna. Idan ya zarce, a nemi tsohuwar akori-kura mai ƙofa biyu ta gona kawai, ta iyali ta zauna inda take. Ki ce masa ni na faɗa, sai fushin ya sauka a kaina.

*Dillali ya kawo min Hilux 2021 a kusan rabin kuɗin da ake faɗa a wurin masu sayar da motoci. Ya ce mai ita kuɗi yake buƙata da gaggawa, kuma akwai wani da zai zo da kuɗi gobe. In biya? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.*

Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu ka zauna, don a nan zan daɗe.

Babu mai sayar da Hilux 2021 a rabin kuɗi. Motar nan tana cikin waɗanda suka fi kowace riƙe daraja a kasuwa; mai ita idan ya matsu, waya ɗaya zai buga dillalai goma su zo. Shi kuma "wanda zai zo da kuɗi gobe", tun ina yaro ake jiran isowarsa.

Abin da ya fi yiwuwa shi ne an yi mata sabuwar fuska. Sana'a ce yanzu mai zaman kanta. Ana ɗaukar Hilux ta tsakanin 2005 da 2015, ko ta 2016, a cire bamba da ragar gaba da fitilu da bonet, a ɗaura na sabon yayi da ake shigowa da su a kwali, a sake fenti, a yi wa kujeru sabuwar fata, a manna allon taɓawa a dashbod, a mayar da mita baya. Daga nesa amarya, ka matso ka ga tsohuwa ce ta sha lalle. Wanda ya yi wa motarsa haka don jin daɗinsa ba ruwana da shi. Wanda ya yi ya sayar da ita da sunan shekarar da ba tata ba, ɓarawo ne, ko da carbi a hannunsa.

Kuma wa ake kamawa? Ba manomi ba. Manomi ƙarƙashin mota yake fara leƙawa. Mai son a ce ya hau sabuwa ake kamawa, saurayi ne ko mai furfura, domin shi fuskar yake saye, su kuma fuskar suke sayarwa.

Ga inda za ka duba. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe, akwai ɗan ƙyalle a gindinsa mai ɗauke da shekarar da aka yi shi. Masu kwaskwarima kan manta da shi. Duba lambar shasi mai harafi da lamba 17, wadda ke kan takarda, da ta jikin ƙofa, da wadda aka buga a kan ƙarfen shasin kansa. Su zama iri ɗaya, kuma kada ka ga alamar walda ko gurza a kewayenta. Ƙofofi da rufi da gilasan gefe ba sa canzuwa da sauƙi, ka ajiye ta kusa da ta gaskiya ka kwatanta. Dubi robar feda da sitiyari: motar da mitarta ke cewa kilomita 40,000 amma fedar burki ta side har ƙarfe ya fito, ɗayansu na ƙarya, kuma ba fedar ba ce.

Bayan wannan akwai masu juyayyen sitiyari. Hilux da yawa a Tailan da Afirka ta Kudu ake ƙera su, wasu kuma daga ƙasashen da sitiyari ke dama suke fitowa, alhali mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Sai a yanke a mayar. Idan sandar sigina tana dama da sitiyari, ko waifa tana shara ta bar gefen direba, ko ka ɗaga kafet ka ga ɗinkin walda a bangon da ke tsakaninka da injin, tashi ka tafi. Sitiyari da burki ba wurin gwajin mai walda ba ne, musamman a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa da kaya a baya.

Sai takardun kwastan. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, amma ba a daina ba. Takardar diyuti ta bogi tana da kyau a ido kamar ta gaske. Ka je ofishin kwastan da kanka a tantance kafin ka biya. In ba haka ba, wata rana a kan hanyar Abuja za a sauke ka da iyalinka a bakin titi, dillalin kuma wayarsa a kashe.

Ka zo da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi kuɗin wuninsa. Mutum zai ƙirga miliyoyi ya miƙa, amma dubu goman bakanike ce ke masa ciwo! A ɗaga motar, a sa mata na'urar bincike, a gwada fowil, wato giyar da ke sa duk tayoyi huɗu su ja, a cikin yashi a ga ko yana shiga yana fita. Dillalin da ya ce babu lokacin wannan duka, ya riga ya ba ka amsa.

*Mahaifinmu shekararsa 67, ya yi ritaya, garatutinsa ya fito. Ya dage sai akori-kura, wai ita ya tuƙa yana saurayi. Muna tsoron kuɗin su tafi a banza, muna kuma jin nauyin hana shi.*

Allah ya yi muku albarka da kuka tsaya tunani maimakon gardama da shi. Na fahimci Baba. Tsararsa sun tashi da Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda ake haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, motocin da suka kai gyaɗa da amare da marasa lafiya kowane ƙauye. Ba mota kaɗai yake nema ba, kun sani na sani.

Sai dai 504 ƙasa-ƙasa take, shiga ake yi. Hilux hawa ake yi. Ku ari ta wani, ku kai Baba ya hau ya sauka sau da yawa da babbar riga, ya zauna a ciki ku bi hanya mai gargada, ya gwada fakin a ƙofar masallacin unguwa. Kada ku ce masa komai, gwiwa da baya za su yi muku bayani. Idan bayan haka yana so, kuma yana da gonar da zai riƙa zuwa, ku nemo mai giyar otomatik da matakala a gefe.

Gargaɗina ɗaya ne, kuma mai nauyi: garatuti sau ɗaya ake biyan shi. Tayoyi huɗu na motar nan kaɗai sun isa su cinye fanshon wata da wata. Kada motar ta ci fiye da abin da zai iya rasawa ba tare da maganinsa da cefanen gida sun tsaya ba. Idan ku ne za ku ɗauki nauyin mai da gyara, ku faɗa a gabansa yanzu, kowa da kasonsa.

*Tacoma ko Hilux? An ce duk Toyota ce.*

Duk Toyota ce, amma ba ɗaya ba ce. Tacoma ta Amurka ce, a 1995 ta maye gurbin Hilux a can, inda harajin kashi 25 cikin 100 da aka sa wa irin waɗannan motoci na waje tun 1964 ya sa kamfanoni ke ƙera su a yankin. Ta fi laushi a zama, shi ya sa matasa da masu yawon gari ke sonta, amma mai injin V6 shan manta ba wasa ba. Kayan gyaran Hilux kuwa ko'ina akwai, daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Fanteka a Kaduna, na Tacoma wani lokaci sai an aiko daga Legas.

Idan Tacoma ka zaɓa, shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma. A jihohin Amurka masu ƙanƙara gishiri ake zubawa a titi, kuma tsatsar shasin Tacoma ta kai har kamfanin ya amince a 2016 ya duba tare da sauya shasin na 2005 zuwa 2010. Baƙin fenti mai sheƙi a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Ka kuma shinshina kafet, motocin da ambaliya ta cinye a can nan ake kawo su.

*Idan na sayi farar akori-kura na sa baƙin gilashi da jiniya, za a riƙa buɗe min hanya?*

Za a buɗe maka, har zuwa ofishin 'yan sanda. Baƙin gilashi sai da izininsu, jiniya kuma ba ta mutum irina da kai ba ce. A wasu hanyoyin ma, shigar da ka yi kamar jami'in tsaro ita za ta sa a fara da kai. Ba ka faɗi shekarunka ba, amma na ƙiyasta.