Amsa: In ilektiron igiya ne, me ya sa ƙwallo ba ta nuna haka?

Ƙanena na Marwa, ka ce malamin fizik ya gaya muku ilektiron, ɗan ƙanƙanin abin nan da ke cikin ƙwayar zarra, ƙwaya ne kuma igiya ne irin ta kaɗawar ruwa, kana tambaya me ya sa ƙwallon ƙafa ba ta yin haka. Ita ma tana da igiyarta, sai dai gajarta ta sa ba a iya ganinta. A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya kawo ƙa'idar: a raba lambar Planck (wata 'yar ƙanƙanuwar lamba da ba ta canzawa) da nauyin abu sau gudunsa, abin da ya fito shi ne tsawon igiyar. Ƙwallo mai giram 430 da ke gudun mita 20 a daƙiƙa, tsawon igiyarta sai ka jera sifili 34 bayan ɗigo kafin ka kai lamba ta farko a mita.

Sharaɗin da nake nanata wa ɗalibaina a Garwa shi ne, igiya ba ta bayyana halinta sai ta ratsa kafar da faɗinta ya yi kusa da tsawonta. Nakan ce su lura da kaɗawar ruwan Binuwai idan ta bi ta tsakanin jiragen ruwa biyu, yadda take bazuwa. Haka Davisson da Germer suka gani a Amurka a 1927: sun harba ilektiron a kan ƙarfen nikel da ƙarfin volt 54, tsawon igiyar ya zo kusa da tazarar ƙwayoyin zarra na ƙarfen, sai ta watsu tamkar haske. Ita kuwa ƙwallo, duk duniya babu kafa mai ƙanƙantar da za ta dace da tata.