Hayaƙi bayan an canza ringi

Ɗan'uwa, ka ce an canza wa babur ɗinka ringi, wato zoben da ke kewaye da fistin a cikin inji, amma har yanzu yana fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai kuma yana raguwa. Man ne ke haurawa saman fistin yana ƙonewa. Cire fulogi ka duba, za ka tarar bakinsa ya yi baƙi da maiƙo.

Idan da safe kawai yake hayaƙin sannan ya daina, robar bawul ce ta mutu, wato robar da ke hana mai zurarowa ta jikin bawul. Idan kuwa kullum ne, ka sa bakanike ya buɗe injin a gabanka, ka ja farcenka a cikin silinda, wato ramin da fistin ke hawa da sauka. Muddin ka ji ramin ya karce, sabon ringi ba zai kama ba sai an gyara ramin an sa fistin daidai da shi. Kafin nan, don Allah ka riƙa duba baƙin mai kowace safiya, kada injin ya buga.