Kaskar da ka murtsuke da farce

Ka ce shekaranjiya ka ciro kaska a kunnen rago ka murtsuke ta da farce, yau kanka na sarawa, wai ko gajiya ce. Kai yaro, a hannuna ka koyi wannan? Ku 'yan yanzu waya na hannu dare da rana, amma abin da zai kashe ku ba ku nema.

Shekarata talatin ina fawa a Jidda. A garin nan aka fara gano zazzaɓin Alkhurma, mai sa zubar jini, a 1995, a jikin mahauta irinmu. Akwai kuma na Kirimiya-Kongo, shi ma kaska ke kawo shi, ko jinin dabba ya shiga ta yankan hannu. Dabbar kuwa garau za ka gan ta tana tuƙa.

Wata Babbar Salla wani dillali ya sayar mini da raguna arba'in, ya rantse da Allah an yi musu feshi. Da muka ɗaga wutsiya sai ga kaska jere, kowace ta ƙoshi ta yi tim. Ɗan ƙanwata ne ke mini fiɗa, yaron da ke raba fata da nama ba huji ko ɗaya. Kwana biyar da gama aiki zazzaɓi ya kayar da shi lokaci guda, ga ciwon baya, ga amai, idanu jajir. Na ce wahalar layya ce. Ni da hannuna na ba shi asfirin, maganin da ke ƙara tsinka jini. Ana nan haɓo ya ɓalle, dasashi na tsatsar jini, cinyoyi duk shatar baƙi kamar an doke shi. Sai sannan muka ɗauke shi zuwa asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, amma wata biyu bai riƙe wuƙa ba, uwarsa ta maida shi gida. Dillalin ko sannu bai zo ba, kuma har yau yana yawonsa a kasuwa.

Cire kaska ai kowa ya sani, ba zan tsaya nan ba. Zazzaɓi cikin mako biyu bayan kaska ko jini, ba a jiran haɓo. Ka gaya wa likita kai mahauci ne, ka faɗi ranar da ka taɓa ta, don ya auna jini. Ban da asfirin, ban da burufen.

Ajiye wuƙar nan, ɗauko iƙamarka, katin izinin zama, ni zan kai ka asibiti.